Gadajen da Suka Dubi Gabas

Shekarar da na bar lakwal, wato makarantar boko, kututturen dawa ya soki Inna a ƙaurin hagu. Ta ɗaure wurin da tsumma ta ci gaba da sussuka. Kafin bazara ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu. Ni na matsa a kai ta gidan likita. Shekara biyar na yi a Madawa wajen kawuna ina karatun nasara, na dawo ƙauyenmu na wajen Karofane da yardar cewa duk abin da aka zana a takarda da ma'auni ya fi wanda aka gina da ido.

Yini guda muka yi a hanya, tana kan jaki ina ja. Daga kan tudu na hango ginin, fari fat, rufin kwano yana walƙiya, kamar balbela ta sauka cikin duwatsu. Har zuciyata ta yi sanyi.

Majo, wato ma'aikacin jinya da ke riƙe da wurin shi kaɗai, ya kwance tsumman ya daɗe yana dubawa.

“Inna, in kin zamna wata guda ana wanke shi kullum, ƙahwa taki ce. In kin tahi, ban san ta wa ba.”

Ya kai mu ɗakin mata. Dogo ne, siriri, taga ɗaya can sama kusa da kwano. Gado shida, duk na siminti, a manne da ƙasa. Kowanne an gina masa matashi ta kudu, aka karkata shi wajen ƙafa don ruwan wanki ya gangara cikin kwata. Babu kowa a ciki, ban kuwa tambayi dalili ba. Na shimfiɗa tabarma, na kwantar da Inna ta dama, tunda ciwon a hagu yake. Ta dubi bangon da ke gabanta.

“Ke ƴar lakwal, ina gabas?”

Na nuna bangon.

“Kai kudu, dama ƙasa, huska gabas. Saura itace da ƙasa ku ruhe. Tashe ni!”

Na yi ƙoƙarin juya ta, kai arewa. Sai kanta ya koma gangare, bakin kwata, ƙafa a kan matashi. Ta ture hannuna ta rarrafo waje.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Babu yaron da ke ƙasarmu ta Adar da bai san yadda ake kwantar da mamaci ba. Da an tambayi ko mai kwaɓa ƙasa, da ya faɗa. Ba a tambayi kowa ba. Kuma ba wannan kaɗai ba. Tsakanin gado da gado ba inda mai jinya za ta shimfiɗa tabarma, ba murhu, ba wurin randa, sai ka ce marar lafiya daga sama yake faɗowa ba shi da dangi. Ɗakin magani bango ɗaya ya raba shi da ɗakin mata, amma ƙofarsa ta bayan gini take. Majo sai ya tafasa almakashi, ya ɗauko tasa, ya kewaye ginin duka cikin rana, ƙuda na binsa.

“Ina jin tarin mutum ta bango,” ya ce mini, “amma sai na kewaye gida awa mai neman akuya.”

A ɗakin maganin na ga takardar zanen a manne. Layuka masu kyau, kibiya tana nuna arewa, rubutu ƙanana da na iya karantawa. A wani birni na bakin teku aka zana ta. Na duba ko'ina, ban ga inda aka rubuta gabas ba.

Marasa lafiyar ashe suna bayan gini, gindin wani gawo, taku kaɗan daga ƙofar majo. Masu jinya muka haɗu, muka samo zana da itace muka kafa rumfa.

“Ni ban gani ba, ban ji ba,” in ji majo. Ya juya zai shiga, sai ya waiwayo. “Ku bar wannan gehen buɗe, in riƙa ganinku daga inda nike tahwasa kaya.”

Kwana goma sha biyu muka yi a rumfar. Inna tana kan gadon kara, kanta duk inda ta ga dama. Iska na shigowa ta zana, inuwar gawo tana yawo a kan zanenta, ina dama mata kunu a gefenta. Majo ya daina haki, har yana tsayawa a yi raha. Wata tsohuwa daga Ibohamane mai kumburin gwiwa ta zama abokiyar faɗan Inna.

“Ke tsohuwa, minsharinki ya hi gyambona ciwo.”

“To ki warke ki ba mu wuri mana, uwar ƴan boko!”

Kowace safiya ana wanke ciwon da wani ruwa mai launin shuni. Bakinsa ya yi ja mai kyau, ya tsuke har ya koma kamar bakin ludayi.

Sai labari ya zo babban likita yana tafe rangadi. Majo ya durƙusa gaban Inna, ya ce dole a kwashe rumfa, kowa ya hau gado.

“Yini biyu kaɗai, Inna.”

“Ɗan nan, kai ka taɓa kwanciya kabari yini biyu ka hito?”

Na sa baki. Na ce siminti ne kawai, siminti bai san gabas ba. Ta dube ni.

“Ke da kinka karanta, hau ki kwanta.”

Na shiga na kwanta ta dama. Zafin kwano ya danno ni daga sama. Bango fari yana kusa da hancina, muryoyin mutane suka yi nisa kamar sun juya sun tafi gida. Ban kai ƙarshen Fatiha ba na tashi.

Muka fake gidan wata mai fura har baƙon ya wuce. Da muka dawo, gindin gawo a share yake, ko zana ɗaya babu. Majo ya faɗa mana yana duban ƙasa: an yaba tsabtar ɗakin mata ƙwarai. An kuma bar umarni, kada a sake kafa rumfa, mai babban gyambo ko ya kwanta ciki ko ya tafi gida. Ya ɗura mana ruwan shunin a kwalba, ya naɗe farin ƙyalle ya tura mini cikin ƙwarya.

Kwalbar ta ƙare cikin mako. Ciwon ya sake buɗewa da damina, sai da ya shekara ya kama kansa, ya janye jijiyar. Ƙafar ba a yanke ta ba, amma diddigen Inna bai ƙara taɓa ƙasa ba. Da sanda take zuwa bakin gona, ta zauna tana kallon wasu suna sussukar dawarta. Ba ta taɓa ce mini ni na kai ta ba. In jijiyar ta motsa, cewa kawai take, “Ƴar lakwal, miƙo min sandata,” ni kuwa in miƙa, ban iya duban idonta.