Makon da Gwaggo Ta Zo Ɗaukata

A shekarun da jirgin ƙasa yake sabon abu a Taura, har mutane na barin gona su je kallonsa, ina ɗauke da cikin fari wata bakwai, kuma duk garin babu wanda ya isa ya ce ya gani. Cikin fari ba a ambatonsa. Mai shi ba ta faɗa, mijinta ba ya faɗa, surukai kuwa ko kallon wajen ba sa yi. Sai dai ki ƙara mayafi ki ci gaba da aiki, kamar wake kika ci ya kumbura ki.

Abu ɗaya nake jira, a zo daga gidanmu a tafi da ni goyon ciki. Innata tana ƙauyenmu bayan Jahun. A ɗakin uwa ake haihuwar fari, ita za ta dafa miki ruwan wanka, ta dama miki kunun kanwa, ta yi miki faɗa in kin cika raki. Amma tun da na bi maigidana muka shiga majami'a, 'yan gidanmu ba su yanke ni ba, ba su kuma taka ƙofata ba. Ban san ko za a aiko ba, kuma tsoro nake ji sosai.

Makon ya faɗo daidai da godiyar kaka, Lahadin da kowa yake kai damin dawa ko ƙwaryar gyaɗa gaban majami'a. Mu matan ba mu da yawa, sauran kuma daga tsofaffi sai masu goyo, don haka duk abin da ya taso sai a ce a kira amarya. Na daɗe da tsufa a ɗakina, amma in dai aiki ne har yanzu amarya nake.

Kullum da safe ina ɗakin maganin mishan, ina wanke tsummokaran da ake ɗaure gyambo da su. Warin ya kan biyo ni har gida. Baturiyar da ke riƙe da wurin tana da kirki, irin kirkin nan da ba ya tsayawa ya tambaye ki me kike so. Daga can in dawo in tarar da surukina a zaure yana jiran tuwo, tsoho ne da ba ya cin ɗumame ko da yunwa za ta kar shi. Ran Talata na soya gyaɗa na matse mai, don kada jirgin Laraba ya wuce ni ban kai ƙuli-ƙuli tasha ba. Da yammar Larabar kuma aka yi koyon waƙa. Ni nake ja suna amsawa, numfashina yana yankewa a tsakiyar baiti, tsofaffin suna cewa yarinya buɗe murya mana.

Ran Alhamis muka yi daɓen majami'a. A durƙushe ake yinsa, ana buga ƙasa da madaɓi har ta kwanta. Bayana ya riƙe, ƙafafuna sun yi suntum. Wata tsohuwa ta karɓe madaɓin daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta ce in je in ɗebo ruwan makuba da ake yayyafa wa daɓen. Iyakar taimakon da al'ada ta yarje mata ke nan. Na ji haushin kowa a makon nan, musamman maigidana, wanda yake ganin ina dafa bango kafin in miƙe, sai ya tsiri gyaran igiyar akuya.

Ran Asabar da hantsi na ji kukan jaki a ƙofar gida. Gwaggona ce, yayar babana, ta biyo 'yan kasuwa. Sai da na shiga ɗaki na share hawaye kafin na kawo mata ruwa.

Bayan gaisuwa ta dubi maigidana ta ce, "Innarta ta ce kwana biyu ba ta gan ta ba. A ba mu aronta ta taya mu sussukar gero."

Kowa ya san wane gero ake nufi. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, a yi mana haƙuri zuwa gobe bayan sujada. Ita ce mai jan waƙa."

Gwaggo ba ta so ba, amma ta ce Allah ya kai mu.

Ran Lahadi ta ɗaure ƙunshin kayana a kan jaki, ta zauna a gindin tsamiyar da ke gefen majami'a, don ba za ta shiga ba. Tagoginmu ba su da murfi, duk abin da aka faɗa a ciki ana jinsa a waje. Na ja waƙa da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Da aka gama kai baikon dawa da gyaɗa gaba, sai Baturiya ta miƙe ta kira ni gaba. Na zaci yabon daɓe za ta yi. Sai ta ɗora hannu a kan cikina.

"'Yan'uwa, ku duba," in ji ta. "'Yar'uwarmu tana da ciki. Ba za mu bari ta sha wahalar hanyar ƙauye ba. A sabon ɗakinmu na haihuwa za ta haihu, a kan gado, ɗan fari na wannan majami'a."

Maza suka kafa ido a ƙasa. Surukina ya jawo hularsa har gira. Mai bisharar da ke jagorantar sujadar ya rasa yadda zai yi, sai ya kama addu'a, ita ma ta yi tsawo, kuma duk a kaina. Ina tsaye hannun yana nan a jikina, ba dama in ture shi.

Da muka fito na tarar Gwaggo ta kwance kayana ta ajiye a kan saiwar tsamiya.

"Ga kayanki, 'yar nan," ta ce. "An aiko ni in kai ki ɗakin uwarki a rufe, na tarar an baje ki gaban maza. Tunda sun ce nasu ne, sai su dafa miki ruwan."

Ba ta tafi nan take ba. Ta tsaya tana gyara wa jakin akumarin da babu abin da ya same shi. Na san jira take in ce ta tafi da ni. Amma maigidana yana bayana, ga mahaifinsa, ga Baturiyar da yake aiki a ƙarƙashinta tana yi wa Gwaggo murmushi. In na bi jakin nan na tsinka maigidana a gaban jama'arsa, in na buɗe baki kuma sai na ambaci abin da ba a ambata.

Na ce, "Gwaggo, ki gai da Inna."

Ta ce, "Za ta ji." Ta kaɗa jakinta.

A kan gadon na haihu, lafiya lau, kowa ya yi murna. Inna ba ta ga yaron ba sai da ya fara tafiya.