Yashin Mashigarmu

Mahaifina bai taɓa cika kwalekwalensa ba. Shi ne mai fito a mashigar ƙauyenmu, can gefen Gulma, kuma ko ranar kasuwar Argungu, lokacin da bakin gulbi ke cika da mutane da buhunan albasa da awaki, akwai katako ɗaya a goshin jirgin da ba mai zama a kai. In baƙo ya nufi wurin, sai Baba ya tare shi da filafili ya ce wurin da mai shi.

Mai shi ɗin ƙanensa ne. Ya faɗa ruwa daga kan katakon nan a wata shekarar ambaliya, tun ba a haife ni ba, aka yi kwana da kwanaki ana nema ba a ga ko hularsa ba. A gidanmu na masu ruwa, in gulbi ya ɗauki mutum daga jirginka ya ƙi maido da gawa, ba a ba kowa wurinsa sai ran da aka same shi aka yi masa sutura. Limaminmu ya sha faɗa wa Baba cewa addu'a ta wadatar. Baba yakan ce gaskiya ne, ya shafa fatiha, gobe kuma ya bar wurin.

Ni tun ina yarinya abin haushi yake ba ni. Bakina bai da linzami, har na taɓa ce wa innata wannan baffa namu ya fi kowa morewa, kullum fito kyauta. Rannan na sha ranƙwashi.

Sai aka yi hanya, aka ɗora gada. 'Yan kabu-kabu suka kwashe fasinja, manoman shinkafar rani suka jera injinan ban-ruwa a bakin gulbi, ruwan ya yi ta ja da baya har mashigar ta zama fili. Ban yi baƙin ciki ba, kada in yi ƙarya. Gadar nan ce ta kai ni makaranta a Birnin Kebbi, kuma ita ta ceci matan ƙauyenmu da a da naƙuda kan kama su a bakin ruwa ana jiran jirgi. Baba ne dai ya rasa sana'a. Da na kama aikin gwamnati sai na matsa masa ya dawo birni, muka samo masa keken nan mai ƙafa uku da ake kira agwagwa da buje.

Na ɗauka ya baro ƙanensa a gulbi. Ashe tare suka taho. Kowane direba kan ɗauki uku a baya, ɗaya a gaba kusa da shi, amma Baba uku kawai yake ɗauka. 'Yan tasha suka yi ta yi masa tsiya wai ya ajiye wa amarya wuri. Wata rana da azahar, a tsakiyar bazara, ya ɗauko ni daga ofis, baya ya cika, na ɗaga ƙafa zan zauna gaba. Kallona kawai ya yi. Na dafa kujerar don in ja da baya, na ji ta da sanyi da laima, alhali ƙarfen keken ba ya taɓuwa don zafi. Na gaya wa kaina jarkar ruwansa ce ta ɗiga. Na jira wani keken.

Duk shekara in ruwa ya janye, sai ya koma mashigar ya yi yini yana zagaya yashi da sanda, ko Allah zai sa gulbi ya saki abin da ya riƙe. Burinsa ke nan a duniya, ya sa ƙanensa a ƙasa kafin shi a sa shi. Daga baya ciwon ƙafa ya hana shi zuwa shekara biyu a jere.

A cikin shekarun nan biyu ne na yi gini a unguwar Gesse. Wani direban tifa ɗan garinmu ya ce mini yanzu daga tsohuwar mashigar ake ɗibar yashi, kuma magina na rububinsa saboda kaifinsa. Har daɗi na ji, na ce a kawo mini na gida. Da shi aka buga bulo, da shi aka yi filasta. Wallahi ko sau ɗaya baffan nan bai faɗo mini a rai ba.

Da ƙafar Baba ta yi sauƙi, na kai shi mashigar da kaina a mota. Rana tsaka muka isa. Babu mashiga. Ramuka ne manya-manya da koren ruwa kwance a ciki, da sawun tayoyi ko'ina, har gindin bishiyar gawon da yake ɗaure jirgi an ƙwaƙule shi ya kife. Ba tsuntsu, ba kowa, sai ƙarar injin ban-ruwa daga nesa. Baba ya daɗe a tsaye kafin ya tambayi wani manomi da ya zo wucewa inda aka kai yashin. Mutumin ya ce birni, gidajen ma'aikata.

A hanyar dawowa na yi ta surutu kan tsadar mai da ramukan titi, don kada ya tambaye ni. Sai da muka shiga Gesse, na buɗe masa ƙofar sabon gidan da bai taɓa gani ba, sannan ya tsaya a tsakar gida yana shaƙar iska.

"Ɗiyata, ina anka ɗebo yashin ginin ga?"

Na faɗa masa. Na so in ƙara da cewa tifofi da yawa sun yi ɗiba, gidaje da yawa sun samu, amma ya riga ya juya ya nufi bango.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya bi bango yana shafawa da tafin hannu, ɗaki bayan ɗaki, har ya kai kusurwar falo ta gabas. Akwai wani tabon laima a wurin, tsayinsa kamar na mutum a zaune, wanda mai fenti ya shafe sau uku yana dawowa. Magini ya ce gishirin ƙasa ne, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Baba ya durƙusa a gaban tabon ya yi sallama, a hankali, irin wadda ake yi wa mai barci.

"Ashe nan ka fito," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Ki ɗauke kujerar ga. A bar mai wurinai."

Washegari ya ɗauki fasinja huɗu, karo na farko. 'Yan tasha har tafi suka yi masa. Bai ƙara zuwa gulbi ba har Allah ya karɓi ransa, kuma innata ta ce ba ta taɓa ganin yana barci mai nauyi irin na watannin nan ba.

Ni ce dai ban samu wannan barcin ba. Ina jin tsoron kusurwar nan, ina kuma jin kunyarta. Falona ba shi da girma, ranar suna ko gaisuwa mata har ƙofa suke zama, kuma ba a rasa wadda za ta ja tabarma ta nufi wurin da ta ga ba kowa. Duk ran da haka ta faru, kafin in yi tunani na riga na miƙa hannu na tare ta, na ce wurin da mai shi.