Lissafi Bai San Mutum Ɗaya Ba

Jiya a Gyadi-Gyadi na ga wani tela da alli maƙale a kunne, sai Baba ya faɗo mini a rai. Haka yake maƙala nasa. Malamin lissafi ne, ɗan Filato.

A makon da sojoji suka miƙa mulki aka sa ranar yi masa aikin ciki. Muna zaune a tsakar gidanmu na Tarauni da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Na ce, "Baba, likita fa ya ce yawancin waɗanda aka yi wa suna tashi."

Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Gaskiya ya faɗa, 'yata. Amma lissafi yawanci ya sani, bai san mutum ɗaya ba." Ya kama hannuna, na ji tafinsa sanyi ƙalau duk da zafin da ake yi.

Ni na raka shi har ƙofar ɗakin tiyata. Bai farka ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba, a inda babu sauran wataƙila. Mu da muka rage, ya ƙarfafa zukatanmu.