Anti Hindatu da Kwamfutar da Ta Ƙi Kowa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, 2024, muna tsakiyar darasi aka shigo ajinmu aka ce Anti Hindatu, mai buga takardu a ofishin makarantarmu nan Dutse, ta rasu bayan jinyar kwana huɗu. A Aujara, garinku, aka kai ki makwanci, Anti. Ni Mashkura ce, 'yar aji biyar na sakandare. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Ke kika fara kama ni ina karanta littafin soyayya a ɓoye cikin littafin lissafi. Na zaci wajen shugaban makaranta, Malam Gwadabe, za ki kai ni. Sai kika yi dariya kika ce, "Ƙanwata, kin karanta na mutane ya isa haka. Zo ki rubuta naki." Daga ranar, duk lokacin tara sai ki matsa min kujerarki, ina bugawa a kwamfutar ofis da yatsa ɗaya, kina cin ƙuli-ƙuli kina duba takardu. Kika ɓoye min labarin a wata folda mai suna Tsofaffin Jarrabawa, kika ce babu mai sha'awar buɗe ta. Shafi arba'in da ɗaya, ba wanda ya sani sai mu biyu.

Bayan rasuwarki kwamfutar ta ƙi kowa. A taɓa folda ɗaya, sai tagogi su yi ta buɗe kansu a fuskarta, wata kan wata. A rufe, su dawo. Wasu malamai har suna cewa kewarki take yi. Sai na ji Malam Gwadabe yana cewa ranar Litinin Misbahu mai gyara zai kwashe takardun da ake bukata, ya wanke ta tas. Na san Tsofaffin Jarrabawa ba sa cikin abin da ake bukata.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. In na yi shiru, labarin ya tafi, kuma shi kaɗai ne abin da muka yi tare. In na yi magana, dole in faɗa wa dattijo kamar Malam cewa soyayya nake rubutawa a kwamfutar aiki. In ya kira Babana fa? In aka ce ke kika lalata ni, alhali ba kya nan balle ki kare kanki? Wannan ya fi komai tsorata ni.

Litinin da safe na tsaya bakin ofis. Na durƙusa na ce, "Malam, don Allah kafin a wanke, a bar ni in gwada abin da Anti take yi." Na taɓa ganin ta yi miki haka sau ɗaya. Na kife kibod ɗin, wato allon maɓallan rubutu, na bubbuga bayansa, na sa fil ɗin mayafina ƙarƙashin babban maɓallin nan na dama, wanda ya maƙale a danne. Ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ya zubo kan tebur. Naki ne, Anti. Tagogin suka tsaya cik, ni kuma na fashe da kuka.

Malam ya tambaye ni, na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Buɗe ki kwashi abinki." A ƙarshen shafi na arba'in da ɗaya na tarar da layin da ba ni na buga ba: "Mashkura, saurayin nan ya cika surutu, ki rage masa. Kuma ki ƙarasa, ina jira."

Har yanzu ban san ko Malam zai gaya wa Baba ba. Amma jiya na rage masa surutun, Anti, kuma zan ƙarasa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa min. Ina miƙa ta'aziyyata ga Innarki, ga maigidanki, da 'yarki Safa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sada mu da ita a Aljanna. Amin.