Yayana da Injinsa a Kotun Ma'aikata

Shekara ashirin da shida yayana ya yi a madaba'a ɗaya, gaban inji ɗaya. Mai Tawada ake ce masa a unguwa, don babu sabulun da ya taɓa fitar da baƙin da ke ƙarƙashin farcensa. Ni ce autar gidanmu, kuma tun da matarsa ta rasu ni na gaji aikin yi masa faɗa, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Injin wani ƙaton tsohon ƙarfe ne mai ruwan toka, ya cinye rabin ɗakin baya. Idan yana bugu sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Yaya kuwa da kunne yake sanin lafiyarsa. Yana cikin magana sai ya ɗaga yatsa, ya karkata kai, ya je ya ɗaure wani notin da babu wanda ya ji motsinsa. Na sha gaya masa da yana kula da kansa rabin yadda yake kula da wannan tarkace, da tuni ya ajiye tumbi.

Da tsohon maigidan ya rasu, ɗansa ya karɓi wurin. Ba a shekara ba aka kawo aikin littattafan makaranta, alhali takardar ta sha danshi a sito. Yaya ya faɗa musu tun kafin a fara, aka ce ya buga haka nan, lokaci ya ƙure. Bugun ya fito a caɓe, mai kaya ya ƙi karɓa. Ranar Litinin maigadi ya tare Yaya a bakin ƙofa ya miƙa masa ambulan: an sallame shi saboda sakaci. Ko kofin shayinsa ba a bari ya shiga ya ɗauko ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Kullum da safe zai yi wanka, ya sa kaya, ya bi ta layin bayan madaba'ar ya tsaya jikin bango yana saurare. Ya dawo ya same ni a shagona, ya ce suna ba injin gudu da yawa, za su cinye masa rola, wato abin da ke shafa tawada. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi, sai in huce a kansa da masifa.

Wani maƙwabcina, ɗan ƙungiyar ƙwadago, shi ya ce mana akwai kotun ma'aikata, amma da wa'adi, in ya wuce ba za su saurari ƙara ba. Na tasa Yaya a gaba muka cike takarda. Akwai wurin da ake tambayar abin da mai ƙara yake nema, diyya ko a mayar da shi bakin aiki. Ya danna biro a kan na biyun har ya huda takardar. Maƙwabcin ya gargaɗe shi kada ya sake zuwa kusa da madaba'ar sai an gama shari'a, shi ma ya bi, duk da na san abin ya fi masa ciwo fiye da korar.

Kafin a sa rana, jami'in sulhu ya kira ya ce kamfani ya yarda ya ba da wani abu a kashe maganar. Na ce wa Yaya ya karɓa mu huta. Ya ƙi. A tunaninsa kotun wuri ne da manya za su zaunar da shi da ɗan maigida. Zai tuna wa yaron cewa shi ne yake ɗora shi kan tarin takardu yana ƙarami, yaron zai ji kunya, a yafe wa juna, washegari ya koma. Mako biyu ya yi yana bitar jawabin da zai yi masa, ni ce mai sauraro ko ina so ko ba na so.

Wata bakwai muka jira. Ɗakin zaman yana hawa na uku, ƙarami ne, da dogon tebur da butar ruwa. Mutum uku ne a gaba: alƙali a tsakiya, wani daga ɓangaren masu kamfanoni, wata daga ɓangaren ma'aikata. Kowa da kundi iri ɗaya a gabansa, an sa wa kowane shafi lamba. Yaya sai kallon ƙofa yake. Ɗan maigida bai zo ba, sai ya turo lauya da wata jami'ar kamfanin mai kula da ma'aikata, wadda ta fara aiki bayan an kori Yaya. Duk da haka sai da ya je ya gaishe su, ya tambayi lafiyar uwar yaron.

Aka rantsar da shi. Ya gyara murya zai fara jawabinsa, alƙali ya ce sun riga sun karanta bayaninsa a rubuce, yanzu tambayoyi kawai zai amsa. Lauyan ya yi ta kai shi shafi kaza, layi kaza, wannan sa hannunka ne ko ba naka ba ne. Yaya ya ɗauko bayanin danshi da tawada tun daga tushe, a katse shi, a ce ya amsa abin da aka tambaya, kuma ya fuskanci masu shari'a. Ni ina baya ina cika ina batsewa, ba damar in tsoma baki.

Da aka zo kan jami'ar, matar ɓangaren ma'aikata ta yi mata tambaya biyu a hankali. An taɓa ba shi takardar gargaɗi? An kira shi an ji ta bakinsa kafin a sallame shi? Duka biyun ta ce babu a fayil. Ga kuma takardar mai sito a cikin kundin, yana ƙorafin rufi na yoyo.

Bayan hutun rana suka dawo. Alƙali ya ce korar ba ta bi ƙa'ida ba, kuma ba a tabbatar da sakaci ba. Na mintsini hannun Yaya, na ga fuskarsa ta washe irin yadda na manta tana yi. Saura maganar komawa aiki.

Lauyan ya miƙe ya ce wannan ba za ta yiwu ba. An rufe sashen, an sayar da injin wata biyu da suka wuce, yanzu na kwamfuta suke amfani da shi. Ya miƙa shaida. Masu shari'a suka haɗa kai suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan alƙali ya ce tunda gurbin babu shi, diyya za a yanke. Ya tambayi Yaya ko yana da abin cewa.

"Ranka ya daɗe, wa ya saye shi?"

Alƙalin ya dube shi da tausayi, ya ce wannan ba ya cikin abin da ke gaban kotu.

A baranda maƙwabcinmu yana ta yi mana murna, Yaya kuwa ya yagi bayan wata takarda ya dafa bango yana rubutu. Na leƙa. Man da ake sa wa injin, da ranakun sa shi, da cewa rolar hagu ba ta son gudu. Ya bi jami'ar har bakin bene ya miƙa mata.

"'Yata, don Allah ki ba wanda ya saya. Yana da hali, in ba a sani ba za a ce ya lalace."

Ta karanta, ta miƙo masa abarsa.

"Baba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɗauka. A nan cikin ɗakin suka yayyanka shi, don ba ya fita ta ƙofa."

Ya karɓi takardarsa ya ninke, ya yi mata godiya. Muka sauko hawa uku a ƙafa, yana riƙe da ƙarfen bene kamar wanda ya tashi daga jinya. Sai da muka fito titi ya tsaya ya juyo.

"Auta, na ci shari'a ko?"

Na ce ya ci.

"To gobe da safe ina zan je?"