Kaka Ba Ta Ƙirga Jikoki

A gidanmu na Kagoro, da an gama tuwon yamma sai mu kewaye murhun Kaka, tana gasa mana gurjiya a cikin toka. Mu jikoki muna da yawa, amma ba ta taɓa ƙirga mu ba. Suna take kira, ta saka wa kowa nasa a tafin hannu. Ranar da na yi rawar kai na fara nuna 'yan'uwana da yatsa ina ɗaya, biyu, sai ta make mini hannu.

"Awaki ne su? Zauna ki ji."

Ta ba mu labarin wata mata a gindin dutse, mai alfahari da yawan 'ya'ya. Kullum sai ta jera su ta ƙirga da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ashe Dodon dutse ma yana ji. Da bai san yawansu ba, yanzu ya sani, har ya ga ai sun yi mata yawa. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Muka tambaya ko an dawo da su. Kaka ta ce, "Wa ya gaya muku kowane labari yana gyaruwa?" Ni dai na yi fushi da ita har na ƙi cin gurjiyata.

Yau ni malamar lissafi ce a wata firamare kusa da Kafanchan. Bara wasu suka kawo mana wayoyi masu wasan lissafi. Ana raba yara rukuni-rukuni, wayar ta tambaya, "Ku nawa ne yau?" sannan ta zubo mangwaro a fuskarta, su raba daidai. Wanda ya ci, ta tafa masa. Nan Rifkatu ta fito, yarinyar da a da ko bakinta ba a ji. Ta kama rabawa har tana koya wa 'yan rukuninta, na soma mafarkin ganinta a sakandare.

Sai citta, abin dogaron mutanen nan, ta ruɓe a gonaki. Iyaye suka fara kwashe yara, wannan Kaduna, wancan aikatau. Kowace safiya wayar ta tambaya, yara su danna abin da ya ragu, rabon kowa ya ƙaru. Sai na ji ina tsoron tambayar nan kamar yadda Kaka take tsoronta. Ashe ba tsoron Dodo ta koya mana ba, ta san ciwon sanin adadin abin da ba ka da ikon riƙewa.

Da na ji za a cire Rifkatu ita ma, na je na roƙi babanta. Bai ko musa ba.

"Malama, na san yana da kai. Amma antinsa a Jere yana neman mai taya shi talla a bakin titi. Sai dai addu'a."

Ran Litinin, wani yaro Bulus kaɗai ya rage a rukunin su Rifkatu. Ya danna ɗaya, mangwaron duka ya zama nasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Malama, da wa zan raba?"

Wayar tana ta tafa masa.