Farantin Tawadar Baƙin Yatsa

Mijin yayata mai ɗab'i ne. A layinsu Baƙin Yatsa ake ce masa, don ko ranar aurensa sabulu bai ci galabar tawadar da ke farcensa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai taga a sama: tsohon inji, wuƙar yanka takarda, tukunyar gam, da igiyoyin da yake shanya shafuffuka kamar wanki.

Abin da yake bugawa ƙananan littattafai ne na masu duba da masu fassara mafarki, na taurari da kiran rauhanai. Sai dai yana da wata ƙa'ida da ta sa marubutan suka tsane shi: ba ya buga hanyar da bai gwada da kansa ba. Ya taɓa wuni a cikin da'irar alli yana jiran sarkin aljanu, sauro kawai ya amsa kira. Yayata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da ta rasu, sai gwajin ya tashi daga wasa. Ita dama ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ga shi kuma fuskarta ta fara ɓace masa.

"Auta," ya ce mini wata rana, "ina tuna muryarta, ina tuna tafiyarta. Amma in na rufe ido, fuskar sai ta narke."

Na ji tausayinsa ƙwarai, amma bakina bai saba da lallashi ba. "Yaya, tsufa ne. Jiya ma tabaranka ka yi ta nema yana kan hancinka."

Daga nan duk rubutun da aka kawo, in dai ya yi alkawarin nuna wanda ya rasu, shi yake fara gwadawa. Ya sha hayaƙin turare har idonsa ya yi ja. Ya daina cin gishiri, ya daina magana da maƙwabta. Ni haushi nake ji, don masu kawo rubutun ko kallon ramarsa ba sa yi.

Wata la'asar na kai masa abinci. Ƙofar a buɗe, injin a kashe. Haske na saukowa daga tagar, ƙurar takarda na yawo a cikinsa a hankali, shafuffuka na lilo a igiya ba tare da iska ba. Yana durƙushe gaban wani faffaɗan faranti da ya cika da tawada, yana kallon ciki, leɓunansa na motsi. Na cire takalmi na lallaɓa bayansa, niyyata in firgita shi. Na leƙa ta saman kafaɗarsa.

A cikin baƙin nan mai sheƙi na ga yayata. Goshinta, ɗan karkacewar bakinta, har yadda take sunkuyar da kai in za ta yi tsiya. Sai da na ƙifta ido ita ma ta ƙifta, sannan na gane fuskata ce. Ashe shekaru sun kawo ni inda ta tsaya, ban sani ba.

Kafaɗunsa suka fara rawa. Hawaye ya ɗiga cikin farantin, fuskar ta watse, ta sake haɗuwa.

Na rasa abin yi. In na yi magana na ƙwace masa ita, in na yi shiru na yi masa ƙarya. Kwanon ya fara ƙona mini hannu, na gyara riƙo, murfin ya yi ƙara.

Bai waiwayo ba.

"Auta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na san ke ce. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin abincin."

"To, Yaya, in ajiye?"

"A'a. Don Allah kada ki motsa. Ki ɗan ƙara tsayuwa haka."

Na tsaya har hasken tagar ya janye daga farantin.